Mutumin da Ke Gefen Hoto

Shagona da na Sukwaya bango ɗaya ya raba su, bangon ma na falanki ne, shi ya kafa shi da hannunsa. Ni gilashi nake yankawa. Shi firam yake yi, katakon nan da ake zagaye hoto da shi a rataye a bango. In ya gama nasa sai ya ƙwanƙwasa bangon, in ɗauki nawa in kai masa. A haka muka tsufa. Na san tarinsa, na san kukan zartonsa in ya gaji, na san ranar da suka yi faɗa da matarsa, don ranar guduma ta fi ƙara.

Sunan ya samo shi ne daga ƙarfen nan mai kusurwa da kafintoci ke gwada daidaiton katako da shi. Nasa ba ya barin aljihun rigarsa. Ya taɓa zuwa gidana duba ni ina kwance da zazzaɓi, kafin ya zauna sai da ya ɗora ƙarfen a ƙofar ɗakina ya ce ta karkace. Washegari ya dawo da kayan aiki ya gyara ta. Sannun dai har yau bai ce min ba.

Da can rufin gidaje yake yi. Ya faɗo daga saman wani gini, ƙugu ya goce, ya warke da ɗingishi, hawa tsani ya gagare shi. Ya koma benci. Ya yi kujerun makaranta, ya yi akwatuna, daga baya ya tsaya a kan firam, don aiki ne na tsayuwa wuri ɗaya, kuma ba a yi masa dabara: kusurwa huɗu ne, ko sun haɗu ko ba su haɗu ba. Da wannan aikin ya aurar da 'ya'yansa mata, ya koya wa ɗansa sana'ar, ɗan ya gudu ya zama direban babbar mota. Matarsa kuwa kaji take kiwo a tsakar gida. Kullum da yamma yakan share shagon tas, ya ɗura garin katako a buhuna, da safe mai kura ya kai mata ta shimfiɗa wa kajin.

Akwai ɗabi'a biyu da yake da su a wurin aiki, kuma sai an san su za a gane abin da ya same shi.

Ta farko, ba ya kallon hoton da aka kawo masa. Ana miƙa masa zai kifa shi a kan tebur. Ta baya yake awo, ta baya yake sa fensir, don kada fuskar ta ɓaci. Amma ba wannan kaɗai ba ne. Na taɓa tambayarsa, ya ce, “Matar wani ce, uwar wani ce, mamacin wani ne. Ni me zai kai idona?” Ko ya gama ya juyo firam ɗin, kusurwoyi yake dubawa, ba mutane ba.

Ta biyu, in tsohon hoto ne da bakinsa ya yage ko ya sha ƙusa, yakan ɗora doguwar rula ta ƙarfe ya datse gefen da reza ya miƙe sambal. Kowa a sana'ar haka yake yi. Dama leɓen firam yakan rufe kaɗan daga bakin hoto. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ina gefen hotona. Gefe ai bango ne, ko sararin sama, ko ƙafar kujera.

Wata rana wata ungozoma ta shigo da wani dogon abu a nannaɗe a kafaɗarta. Mun san ta da gani, a asibitin haihuwa na ƙarshen layinmu take aiki, tana wucewa da farin takalmi. Ina shagon lokacin. Ta warware abin a kan tebur, tsawonsa ya kusa ƙofar ɗaki in an kwantar da ita. Hoton ma'aikatan wata masaƙa ne da aka rufe tun tuni, sun jeru layi-layi a bakin ƙofar kamfanin, sun fi ɗari. Ta ce a bangon ɗakin cin abincin ma'aikata yake kafe da ƙusoshi, da za a rushe ginin maigadi ya ciro mata.

“Babana yana ciki,” ta ce. “Ba mu da wani hotonsa, ko na katin aiki babu. Don mahaifiyata nake so, Baba. A yi min a hankali.”

Sukwaya ya ce, “To.” Ya kifa shi.

Ya danne shi da falankai na kwanaki don ya saki lanƙwasar nannaɗewa. Ya zaɓi busasshen katako mai kauri, ya fafe gurbi mai zurfi, don gilashin hoto irin wannan nauyi gare shi. Wata la'asar na shiga da shayi na tarar ya ɗora rula yana jan reza. Bakin takardar duk ramukan ƙusa ne da tsatsa. Dogayen yankuna huɗu suka sauka ƙasa cikin garin katako, kowanne kamar faɗin yatsu uku. Na ajiye masa shayinsa na koma. Abin da nake gani ne kullum.

Washegari da safe ya tafi kasuwar katako sayo filawud na bayan firam. Ungozomar ta biyo daga aiki, ta tarar da shagonsa a rufe, ta zauna a bencina ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa.

“Baba mai gilashi, naka ba zai yi ƙyalli ya hana gani ba? Idon Inna ya yi rauni.”

“In ba a sa shi yana kallon taga ba, ba zai yi ba.”

“Don babana a can ƙarshe yake. In haske ya faɗa wurin, shi ke nan.”

“Ƙarshe ina?”

Ta yi 'yar dariya. “Can gefen hagu, bakin takardar. Mai shara ne ai, ba wanda ya kira shi hoto. Inna ta ce yana cikin aikinsa ya ga an jeru, sai ya jingine tsintsiya ya lallaɓo ya leƙo. Fuska ce da kafaɗa ɗaya kawai suka shiga. Har ƙusa sun buga a saman hularsa, marasa kirki.”

Abin yankan gilashi ne a hannuna. Na ajiye shi a hankali.

“Kin faɗa wa Sukwaya inda yake?”

“Na ce masa yana ciki. Ai zai gan shi, shi kaɗai ne ba shi da rigar kamfani.”

“Je ki huta,” na ce, “kin kwana a tsaye. In ya dawo zan gaya masa.”

Tana shan kwana na ɗauko mabuɗin shagonsa, dama kowa yana riƙe da na ɗan'uwansa. Na ɗaga falankan, na ɗago gefen hoton. Na ƙarshe a layin wani ƙato ne mai gashin baki. Kusa da shi, daidai inda rezar ta bi, akwai kunci ɗaya da ido ɗaya. Idon yana kallona. Babu hanci, babu baki, babu ɗayan idon.

Na duba ƙasa. An share tas, ko ƙwayar gari babu. Na duba lungun da buhuna ke tsayawa. Wayam.

Ban koma shagona ba. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon hanya. Wani ya zo neman gilashin taga, na ce masa ya dawo gobe. Da Sukwaya ya iso da filawud ɗinsa, ya ga ƙofa a buɗe, ya sha mur.

“Wa ya mutu da ka buɗe min shago?”

“Ajiye wannan ka zo.”

“Me ka taɓa min? Na ce maka hannunka na gilashi ne, katako ba sa'anka ba ne.”

“Juya hoton nan.”

“Ban gama da bayansa ba.”

“Juya shi, Sukwaya.”

Ya dube ni. Tun da muke ban taɓa ɗaga masa murya a shagonsa ba. Ya juya shi. Na ɗora yatsa kusa da idon. Ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye.

“Mutum ne a wurin?”

“Ubanta ne.”

“Ubanta yana ciki ta ce.”

“To nan ne cikin nasa.”

“Wa zai tsaya a bakin hoto?” Muryarsa ta yi siriri. “Ga wuri ko'ina, wa zai je ya tsaya a bakin takarda?”

“Mai shara. Ba a gayyace shi ba, leƙowa ya yi.”

Ya dafa tebur. Ya juya ya kalli lungun buhunan kamar yadda na kalla, sannan ya ce abin da ban yi tunaninsa ba, ya kuma fi komai tayar min da hankali.

“Uwargida tana tsince takardun cikin buhunan. Da su take hura wuta.”

Ko ƙofa ba mu kulle ba, mai shayin bakin layi muka ce ya sa ido. Ban taɓa ganin Sukwaya yana sauri haka ba. Ƙafar na jan ƙasa, kafaɗa na sama da ƙasa, ni mai ƙafa biyu lafiyayyu ina binsa ina haki. A hanya lissafi nake: hoton da babu irinsa, kamfanin da ya ɗauka babu shi, mutumin ya mutu, tsohuwa na zaune tana jira. Babu inda za a je a sayo rabin fuska.

Mun tarar da uwargida a tsakar gida tana wanke mazubin ruwan kaji, tukunya na kan murhu tana tafasa.

“Lafiya, tsofaffi biyu da rana tsaka kamar an koro ku?”

“Buhunan safe,” Sukwaya ya ce. “Ina suke?”

“Ko sallama babu? Biyu ga su can, ɗaya na zuba wa kaji.”

“Takardun ciki fa?”

“Wace takarda? Wadda na kunna wuta da ita?”

Sukwaya ya durƙusa gaban murhun, ya sa hannu gefen toka ya zaro wani guntu da bakinsa ya ƙone. Ya juya shi. Takalma ne a jere, baƙaƙe, da ƙafafun wanduna.

“Na ƙasa ne,” na ce. “Wannan yankin ƙasan hoton ne. Shi kaɗai kika sa, Yaya?”

“Na sani ne? Abin da hannuna ya kama na sa. Wai me ake nema ne, takardar gida?”

“Fuskar mutum,” na ce, na yi mata bayani a gurguje. Ta saki mazubin. Ta kalli mijinta ta ga yadda ya yi. Ta je ta jawo tabarma ta shimfiɗa.

Muka zazzage buhu na farko muna bi da yatsu. Gari ya cika mana hanci, ina tari yana tari. Muka samu na sama, sararin sama ne da rabin rubutun ƙofar kamfani. A buhu na biyu muka samu na dama, bango ne da tayar keke. Muka sake bin garin daga farko, har da ƙasan buhunan muka juya. Na hagu babu.

Sukwaya ya miƙe ya nufi akurki. Ƙofar ƙarama ce, sai an rarrafa. Ya cusa kai, kaji suka tashi da ihu, gashi na tashi, ɗaya ta fito ta kan wuyansa. Na bi shi. Wurin da zafi da wari, garin ya riga ya jiƙe a wasu wuraren. Duk farin abin da na gani sai gabana ya faɗi, in ɗauka in ga gashin kaza ne ko ɓawon ƙwai. Ina ta tunanin mazubin ruwa. Tsohon hoto in ya sha ruwa, fuskar sulɓewa take yi kamar fatar da ta ƙone.

“Ku fito min daga nan,” uwargida ta ce. “Za ku tattake min abin da kuke nema. Mutanen da ba su san inda ake ajiye cokali a gidajensu ba, su ne za su nemo takarda.”

Muka fito. Ta ɗaure zani ta shiga. Muna tsaye muna jin motsinta, tana magana da kajin kamar jikokinta. Sukwaya ya kama bakin rufin akurkin ya riƙe. Can muka ji ta ce, “Ke, ɗaga. Ɗaga na ce, uwar son banza.” Wata kaza mai kwanci ta yi ƙara. Sai ga hannu ya fito ta ƙofar, riƙe da yankin hagu.

Kazar ce ta ja shi cikin sheƙarta ta kwanta a kai. Ya lanƙwashe gida biyu, ƙasansa ya yage, akwai tabo a kan kafaɗar. Amma ga hula da ramin ƙusa a samanta, ga hanci, ga ɗayan idon, ga baki a ɗan buɗe kamar wanda yake tsoron a ce masa matsa.

Uwargida ta fito tana karkaɗe gwiwa. Ta karɓa ta duba.

“Wannan bawan Allah ka yanke?” ta ce. “Shekara nawa ina ce maka ka riƙa kallon abin da ke gabanka? Ni kaina da a bakin hoto nake da tuni na tafi.” Ta kama bakin mayafinta za ta jiƙa da yawu.

“Kada ki sa ruwa, Yaya!”

“To na ji, masu ilimi.” Ta goge tabon a bushe, a hankali, ya rage amma bai fita ba. Ta sa yankin tsakanin kwali biyu ta ɗaure da zare, ta miƙa min, ba shi ba. “Kai riƙe. Yau ban yarda da hannunsa ba.”



Samun yankin bai kwantar mana da hankali ba, sai ma ya nuna mana girman ɓarnar. Firam ɗin da ya gama haɗawa ya tashi a banza, don a kan awon da ya datse ya yanka shi. Ko da ya faɗaɗa shi, leɓen zai sake haɗiye mutumin. Sukwaya ya ɗauke shi ya jingine a bayan ƙofa, katako mai kyau, kusurwoyi kamar an zuba su. Ya fara sabo, wanda ya fi girma. Ya manna farin kwali a kan filawud yadda hoton zai zauna a tsakiya da fili ta ko'ina, leɓen ya kama kwali kawai, kada ya taɓa takardar. Ni ma gilashin da na yanka ya yi kaɗan, na yanko wani.

Haɗa fuskar ce ta ba mu wuya. Ba a yin ta ta baya, dole sai kana kallon mutumin. Ya sa siririyar takarda a ƙarƙashi da gam kaɗan, ya ce in danne babban da tafin hannu, shi yana matso da yankin da bakin reza. Ya matsa, ido ya fi ido tsawo. Ya janye. Ya matsa, hanci ya karkace. Ya janye, ya fita waje ya tsaya, ya dawo. Gam na bushewa, in ya kama a karkace ba a ɗagawa sai takardar ta yage. Ina jin numfashinsa a bayan hannuna. Da ya zauna daidai, ba wanda ya motsa a cikinmu har sai da yatsuna suka sage.

Ya mayar da na sama da na dama ma. Na ƙasa wuta ta ci, layin gaba suka rasa takalmansu.

Amma layin rezar yana nan. Siriri ne kamar gashi, fari, ya taso daga hula ya bi ta gefen hanci ya sauka a haɓa. Daga nesa ba ka gani. In ka sunkuya don ka ga mutumin, shi za ka fara gani.

“Kawo fensir mai laushi,” na ce. “In muka shafa kaɗan, zai ɓace. Idon tsohuwar ma ba ya gani sosai.”

“A'a.”

“Ba wanda zai sani.”

“Na yanke shi sau ɗaya. Ba zan koma in yi masa zane a fuska ba.”

Kwanakin da suka biyo baya bai ci abin kirki ba. Kwanon da uwargida ke aikowa yana komawa kusan yadda ya zo. Duk farin takalmin da ya gifta ta bakin ƙofa sai zarto ya tsaya. Sau ɗaya ya ƙwanƙwasa bango ba don gilashi ba. Na leƙa.

“Me zan ce mata?”

“Abin da ya faru.”

“Kai ka faɗa mata mana. Ka fi ni baki.”

“Ni na yanke?”

Ya koma kan aikinsa.

Ranar da ungozomar ta zo, ya jingine firam ɗin a bango yana kallon ƙofa. Ta shigo ta tsaya, ta ce, “Kai, Baba! Kamar ba shi ba.” Ba ta kalli manajan da ke tsakiya ba, ba ta kalli katakon ba. Kai tsaye ta nufi hagu ta sunkuya tana murmushi. Ina kallon bayanta na ga lokacin da ta daina motsi.

“Baba, wannan layin fa?”

“Ni na yanke shi,” Sukwaya ya ce. “Ban duba ba. Na datse gefen na share na zubar. A akurkin kaji muka samo shi, na mayar. Tabon kafaɗar daga can ne. Na ƙasa ya ƙone.”

Ta miƙe a hankali. “Akurkin kaji.”

“E.”

“Na ce maka babana yana ciki.”

“Kin ce.”

“Na ce a yi min a hankali.”

“Kin ce.”

“Da ba a same shi ba fa?”

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Irin aikinta ba ya barin mutum da saurin hawaye. Ta dai tsaya tana kallonsa har na ji kamar in koma shagona.

“Ni a wurin aikina,” ta ce, “in na yanka ban duba ba, ba a mayarwa.”

“Haka ne.”

Ta sake sunkuyawa ta daɗe. Da ta ɗago ta ce, “Ni ba zan yi wa Inna bayanin wannan ba. Kai za ka yi. Ɗauko shi mu tafi.”

Mutum ɗaya ba ya ɗaukar gilashi mai wannan girman, don haka na kama gefe ɗaya. A bene suke, matakalar ƙunci gare ta, ga kwana a tsakiya. Ni a sama ina ja da baya, shi a ƙasa da ƙugunsa, duk nauyin a ƙirjinsa. A kwanar kusurwa ɗaya ta goge bango, na ji gilashin ya yi wata 'yar ƙara, raina ya tashi. Bai fashe ba.

Ɗaki ne ƙarami, gado da kabad da kujera ɗaya kusa da taga. Tsohuwar na kan kujerar, rediyo a cinyarta. Ta kashe shi.

“Inna, ga shi an kawo.”

“Ku matso da shi. Ba nan ba, ina ruwana da waɗannan? Can ƙarshen.”

Muka zagayo da gefen hagu gabanta. Ta matso da fuska har numfashinta ya yi hazo a gilashin. Ta goge da hannun riga.

“Ga shi nan,” ta ce. “Da hular da na hana shi sawa.” Yatsanta ya bi gilashin daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya. Ashe idon bai kai yadda ake faɗa lalacewa ba. “Wa ya tsaga masa fuska?”

“Ni ne, Inna,” Sukwaya ya ce.

Ta ɗago ta kalle shi daga sama har ƙasa. “Kai ɗin, da furfurarka?”

“Ni.”

“Da gangan?”

“Ban duba ba ne.”

“Shi ma haka suke ce masa in sun take masa shara. Ba mu gan ka ba.” Ta mayar da ido kan hoton. “Da shi ne da ya ce maka ba komai. Kullum haka yake cewa, shi ya sa ya mutu da tsintsiya a hannu. Ni ban ce ba.”

“To, Inna.”

Hannuwana sun fara gajiya da nauyin. Ba wanda ya ce mu ajiye.

“Ka zo da guduma?”

“Na zo da ita.”

“To kafa min shi. Ƙasa-ƙasa, a zaune nake wuni. Wannan gefen ya zo nan kusa da kujerata.”

Ungozomar ta ce, “Inna, in aka yi haka ɗayan gefen zai shige bayan kabad.”

“Ya shige mana. Na san su ne?”

Muka jingine shi a gado. Sukwaya ya ƙwanƙwasa bangon ya nemo inda zai riƙe, ya kafa manyan ƙusoshi uku, ya rataya a jikinsu da duk nauyinsa ya gwada kafin ya yarda mu ɗora. Mutum ashirin ko fiye suka shige bayan kabad. Tsohuwar ta sa 'yarta ta ɗan juya mata kujerar, ta zauna tana fuskantar mijinta, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba.

Muka yi sallama. Tsohuwar ko ɗauke ido daga hoton ba ta yi ba.

A matakala, daidai kwanar, ƙafar Sukwaya ta ƙi. Ya zauna a kan dakalin, guduma a cinya, kai a ƙasa. Na tsaya a gefensa. Can ƙofar sama ta buɗe. Ungozomar ta sauko da kofin ruwa, ta ajiye a kan matakala kusa da shi, ta juya ta koma ciki ta rufe. Ya daɗe yana kallon kofin kafin ya ɗauka ya sha.